Wanda Ya Ce a Ba da Makullin Motar Babanku

Akwai maganar da kuka tashi da ita a baki tun kuna ƙanana, har kun fara koya wa naku 'ya'yan, wai kawunku Sabi'u ne ya haɗa baki da macuta aka raba babanku da motarsa. Kai Babba, da kunnena na ji kana faɗa wa ɗanka haka a tsakar gidan nan. Ranar da abin ya faru kuna lakwal, wato makarantar boko, kai da Rabi, Auta kuwa tana bayana a goye. Ni ina nan, katanga ɗaya ce tsakanina da zaure. Don haka na ɗauki biro da ɗan karatun yaƙi da jahilcin da na yi, zan rubuta abin da na gani da wanda na ji.

Motar fara ce, ta haya, tana ɗaukar fasinja tsakanin Matameye da Damagaram, ranar kasuwa kuma ta leƙa Dungu da Ɗan Barto. Babanku, Malam Habu, ya daɗe yana ci-rani a Kano kafin ya mallake ta. Ya yi yaron mota, ya tuƙa na wasu, yana tara abin da ya samu a hannun yayansa, baffanku Idi, har ranar da ya shigo da ita garin nan yara suna bin ta a guje. Da ita muka yi rufin kwano, da ita aka sa ku lakwal, da ita aka yi jinyar kakarku. Hatsin gonarmu bai taɓa kai mu wata damina ba, motar ce take cike abin da ya rage. In ta kwana a gareji, tukunyata ma takan san da haka.

Idonsa ya fara ne a hankali. Da farko ya daina tuƙi bayan magariba, ya ce fitilun manyan motoci suna damun sa. Daga nan sai ya riƙa neman butarsa alhali tana gefen ƙafarsa. Abin da ya fito da maganar fili shi ne ranar da ya kusa hawa amalanken jaki da rana tsaka, a kan hanyar Kance, da mata da yara cike da mota. Ya dawo gida bai ci abinci ba. Likitan ido na Damagaram ya ce jijiyar ce take mutuwa, maganin ɗigawa zai rage mata sauri amma ba zai dawo da abin da ya tafi ba, kuma kada ya sake riƙe sitiyari. Mun gwada ba wa wani direba ita. Wata ɗaya ya dawo mana da ita tana hayaƙi, ga labarin faci da na jandarma kullum, kuɗi kuwa babu. Sai babanku ya yanke shawarar ya sayar da ita ya sayi injin niƙa. Akwai wani a unguwarmu da zai koma Maraɗi yana neman mai sayen nasa, da rumfar da komai.

"Inji ba ya son ido," in ji babanku. "Kunne yake so, ni kuwa na sha jin kukan inji. In ya yi tari zan san abin da ke damun sa."

Sun fara kai ta wurin dillalan motoci a Damagaram, shi da baffanku Idi. Dillalin ya zagaya ta yana shurin taya, yana ƙwanƙwasa jikinta, ya ce an yi mata fenti don a ɓoye tsatsa, ya ce injinta ya gaji. Ya taya ta kamar mai sayen ƙarfen awo, amma ya ce in sun yarda a take zai biya, a je a sa hannu a rabu lafiya. Babanku ya dawo ransa a ɓace. Na ce masa ya karɓa, tunda kuɗin zai kusa kai wa injin, sauran in sayar da tumakina in cika.

"Ke ba ki san darajar mota ba," baffanku ya ce mini. "Dillali zai wanke ta ya sayar ninki biyu. Gumin ƙanena ba zai tafi a haka ba. A nemi mai saye kai tsaye."

Babanku ya goyi bayan yayansa. Ba don bai san haɗarin ba. Ya zauna a tasha shekara da shekaru, ya san labarin wanda aka ce a ɗana mota aka gudu da ita, da wanda aka biya da jabun kuɗi, da wanda aka nuna wa saƙon waya na ƙarya. Shi da kansa yake ba matasan direbobi shawara. Ya sha faɗa a gabana:

"Motar nan ba ta motsawa sai ina ciki. Takardunta kuwa ba sa barin aljihuna sai kuɗi ya shiga hannuna, da rana, a gaban shaidu, mun je meri, ofishin magajin gari, an buga hatimi."

Masu tayawa sun zo, amma yawancinsu bashi suke so, wasu kuma kallo ne ya kawo su. Rani ya yi nisa, mai injin yana ta aiko cewa wani ya taya, ba zai iya jira ba. A wannan tsakanin ne Sabi'u ya dawo daga ci-rani. Ku ba ku san shi sosai ba. Ƙanena ne ciki ɗaya, ni na goye shi. Da damina yana noma a Ɗan Barto, da rani yana wankin motoci a Kano. Mutum ne mai yawan dariya, ba ya shigowa gidan nan hannu sake, ko da rake ne. Shi ya ce ya haɗu da wani ɗan kasuwa a wurin mai shayi a bakin iyaka, yana cigiyar motar da za ta riƙa ɗaukar masa kaya daga ƙauyuka. Kuma tun a ranar ya faɗi gaskiyar abin da ya sani.

"Yaya Habu, ni ban san gidansa ba. Shayi kawai muka sha tare. Ka bincika da kanka."

Mutumin ya zo, ya ce sunansa Alhaji Garba. Dattijo ne mai furfura a gemu, da tabon salla a goshi, ba ya ɗaga murya. Bai yi gaggawa ba, wannan ne ya cinye mu. Ya zo da makanikensa aka buɗe inji, aka shiga ƙarƙashi. Ya yi ciniki mai tsanani, har ya tashi ya tafi a kan abin da bai taka kara ya karya ba, babanku ya ce ka ga mai saye na gaskiya, macuci ba ya jayayya a kan farashi. Bayan kwanaki ya dawo, ya yi salla a masallacin unguwa, ya kawo wa babanku maganin ɗigawa irin wanda likita ya rubuta, ya ce mahaifiyarsa ma da ciwon ta rasu. Aka daidaita, ya ba da kafin alƙalami a gaban baffanku Idi, aka sa ranar biya. Baffanku da bakinsa ya ce ya daɗe bai ga mutumin kirki irinsa ba. Daga baya ya manta ya faɗi haka.

Ranar ta faɗo ranar kasuwa. Baffanku yana rumfarsa, maƙwabta duk sun fita. Da hantsi Alhaji Garba ya iso a kan babur tare da wani mutum da ya ce ƙanensa ne. Sabi'u ya kwana a gidanmu don ya wanke motar, makullin yana aljihunsa. Suka zauna a zaure su huɗu. Ni ina surfe a gindin katanga, na dakata don kada ƙarar turmi ta dame su, shi ya sa na ji komai. Alhajin ya ce ɗansa ya turo kuɗin daga Damagaram ta gidan aika kuɗi, amma ya biya can an ce rezo, wato layin sadarwa, ya ɗauke, sai bayan azahar. Babanku ya ce babu komai, a jira. Aka yi hira. Can sai wayar Alhajin ta yi ƙara, ya yi magana cikin damuwa, ya kashe. Ya ce buhunan wakensa suna zube a Dungu, mai babbar motar da zai kwashe su zai tashi kafin azahar, in bai kai su bakin titi ba ya yi asara. Ya roƙi a ba shi motar ya je ya dawo, tunda ai ta zama tasa, ga ƙanensa da babur ya bari.

"A'a, Alhaji," in ji Sabi'u. "In dai dole ne, ni in tuƙa ka, Yaya Habu ya zauna a gaba."

Da Alhajin ya buɗe baki, muryarsa a sanyaye take.

"Na ci abincin gidan nan, na yi salla a bayan limaminku. In har yanzu kallon ɓarawo ake yi mini, Malam Habu, a mayar mini da abin da na bayar, mu rabu ba tare da ɓacin rai ba. Akwai wata motar a Magarya."

Na ji motsin tabarma, alamar ya miƙe. Kafin alƙalamin nan kuwa an riga an kai wa mai injin don ya daina neman wani. Babanku ya san haka, Alhajin ma na tabbata ya sani.

"Zauna, Alhaji," babanku ya ce. "Yaro ne. Sabi'u, ba shi makulli."

"Yaya, kai ne fa ka ce ba ta motsawa sai kana ciki."

"Na ce ka ba shi."

Sai Alhajin ya ce ranar kasuwa ce, jandarma suna kan hanya, a haɗa masa da takardun motar kada su tsare shi. Na ji babanku yana buɗe jakar ledar da yake ajiye takardun motar. Na ajiye taɓarya na nufi ƙofar zaure, na yi gyaran murya, na kira shi. Ya ce in dakata, yana da baƙi. Da yake ba ya gani sosai a hasken rana, sai ya miƙa wa Sabi'u takardun ya ce ya raka Alhaji. Don haka abin da mutanen titi suka gani shi ne Sabi'u yana miƙa wa baƙo makulli da takardu a ƙofar gida, babanku ba ya wurin. Wannan ne kaɗai abin da garin nan ya gani, a kansa aka gina duk maganar da kuka gada.

Wanda aka bari ya zauna hankali kwance. Na dama fura na aika masa, ya sha, ya yaba. Da aka kira azahar ya ce zai yi alwala ya riga su masallaci, ya bar hularsa da wayarsa a kan tabarma. Ba a sake ganin sa ba. Wayar da aka duba fanko ce, babu komai a cikinta. La'asar ta yi, Sabi'u ya hau kabu-kabu ya tafi Dungu, babu wanda ya ga farar mota, babu buhun wake. A gidan aika kuɗi aka ce rezo bai ɗauke ba ko sau ɗaya a ranar, kuma babu wanda ya turo komai. Babanku yana zaune a zaure da hular mutumin a hannunsa, yana juya ta. Duk motar da ta wuce sai ya ɗaga kai.

Babur ɗin ma na sata ne. Da aka kai rahoto, jandarma suka gano mai shi a wani gari, suka zo suka tafi da Sabi'u, tunda shi ya kawo mutanen. Na bi shi birgad, ofishin jandarma, da Auta a baya, na faɗi abin da na ji, aka ce mai motar ya zo ya faɗa da bakinsa. Babanku ya je, ina riƙe da hannunsa. Ya ce ba ya zargin yaron, a sake shi. Aka sake shi bayan ya sha kwana a ciki, fuskarsa a kumbure. Ku riƙe wannan, babanku ne ya fito da shi.

Amma abin da ya biyo baya shi ne ya karya mu. Dangin babanku suka taru a tsakar gidan nan, maza a kan tabarmi, mu mata a bakin ɗaki. Baffanku Idi ya ce kowa ya san irin mutanen da ake haɗuwa da su a wurin wankin mota a Kano, ya ce an ga wanda ya miƙa makulli. Sabi'u yana tsugune, babanku yake kallo. Na tashi a gaban surukaina, abin da ban taɓa yi ba, na ce Sabi'u ya hana, Malam ne ya ce a bayar, har sau biyu.

"Ciki ɗaya kuka fito," in ji baffanku. "Me za ki ce in ba haka ba?" Ya juya wurin ƙanensa. "Habu, kai ka ce a ba da mota da takardu babu kuɗi a hannu? Kai da kake koya wa mutane?"

Babanku ya sunkuyar da kai, ya daɗe.

"Abin da ya wuce ya wuce," ya ce. "Allah ya sa haka ne mafi alheri."

Bai yi ƙarya ba, bai kuma faɗi gaskiya ba. Na daɗe ina auna wannan shirun. Mutum ne da aka raba da idonsa, aka raba da motarsa, abin da ya rage masa a duniya shi ne a ce Habu direba ba a yi masa wayo. Da ya ce "ni ne", da wannan ma ya tafi. Ban ce ya kyauta ba. Na ce na san abin da ya riƙe masa harshe.

Sabi'u ya zo yi mini sallama ana gab da shuka, lokacin da kowa yake dawowa gida shi yake fita.

"Yaya, na san kasuwannin motoci. Ko sun sake mata fenti zan gane ta, ni na wanke ta."

Na ce ya bari, mota ta tafi, ya zauna ya yi nomansa, ga matarsa da jaririya.

"In zauna a ina? Jiya na shiga masallaci, wanda ke kusa da ni ya ɗauke takalmansa ya sa a gabansa."

Ya tafi. Mai injin ya sayar wa wani, abin da aka ba shi ya ce ya riga ya shiga hidimar tafiya, sai a hankali, har yau. Tumakin suka tafi a magani da hatsi. Na kafa kaskon ƙosai a bakin tasha, a wurin da motarmu take lodi da, direbobin da babanku ya koya wa aiki suna saye suna kawar da kai. Kai Babba aka cire ka daga lakwal kana cikin masu ƙoƙari, ka koma turin baro a kasuwa, na san wannan ne ba ka yafe ba, kuma dole ka nemi wanda za ka ɗora wa. Rabi ta bi ni wurin suya. Babanku ya zauna a zaure, idon ya ƙarasa rufewa. Mutumin da ya san kowane rami a hanyar Damagaram ya koma sai an nuna masa ƙofar bayan gida.

Sabi'u ya bi Kano, ya bi Katsina, ya gangara kudu. Bai ga motar ba, wataƙila tun makon farko aka farfasa ta aka sayar da kayan. Amma duk ɗan ci-ranin da zai dawo sai ya ba shi saƙo ya kawo mini, wani lokaci kuɗi, wani lokaci maganin ido. Baffanku ya ce rabonsa na sata ne yake mayarwa da kaɗan-kaɗan. Shekarar da fari ya cinye gero, tuwon da kuka ci a gidan nan da kuɗin Sabi'u aka sayi hatsinsa. Babanku ya san daga inda yake, yana ci yana shiru. Matar Sabi'u ta gaji da jira, alƙali ya raba auren, ta bar 'yar, Murja, a hannun innarmu a Ɗan Barto.

Sau ɗaya babanku ya taɓa maganar. Da safe ne, ina ɗiga masa magani, ko da yake ya daina amfani, sabo ne kawai. Ya riƙe mini hannu.

"Hadiza, yaron nan ya hana ni."

"Na sani, Malam. Ina bayan katanga."

"Na so in faɗa ranar. Bakina ne ya ƙi."

Na ce ai yanzu ma bai ɓaci ba, a kira Yaya Idi da yara ya faɗa musu. Ya ce to, in ya ji sauƙi. Bai ji sauƙin ba. Da ciwon ya tsananta ya ce a nemo masa Sabi'u. Aka samu lambarsa wurin wani ɗan Ɗan Barto, na kira, na ce ya zo, Malam yana neman sa. Ya ce ba zai shigo Matameye hannu sake ba, in ba shi zuwa bayan salla, yana tara wani abu. Na sa wayar a kunnen babanku. Ya ce "Sabi'u", ya sake cewa "Sabi'u", sai kuka ya ci ƙarfinsa, kuɗin wayar ya ƙare. Kafin sallar ya rasu.

Sabi'u bai zo ba. Da babu wanda zai wanke shi daga zargin, me zai zo yi? Bayan wasu shekaru wani baƙon murya ya kira ni daga Fatakwal, ya ce yana dako tare da wani Sabi'u ɗan Nijar, zazzaɓi ya kwantar da shi, sun binne shi jiya, lambata ce kaɗai a wayarsa. Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida don karɓar gaisuwa. Mata ƙalilan suka zo. Kai Babba ka wuce ta gabana ka tafi kasuwa.

Baffanku Idi ya bi ƙanensa, innarmu ma ta tafi. Cikin waɗanda suka san abin da aka faɗa a zauren nan, ban da macutan, ni kaɗai na rage, kuma ni ce wadda aka ce ba a karɓar shaidarta. Murja ta girma, tana aure a Dungu. Watan jiya ta zo duba ni da goyo a bayanta da 'yar ƙwaryar gyaɗa, ta tarar da ku a ƙofar gida, ta durƙusa ta gaishe ku. Babu wanda ya amsa. Da ta shigo ta zauna a bakin gadona, ta daɗe tana wasa da bakin mayafinta, sannan ta ce:

"Gwaggo, don Allah ki faɗa mini gaskiya, ba zan ji haushi ba. Babana ɓarawo ne?"

Na faɗa mata duk abin da na rubuta muku a nan. Ta saurara har ƙarshe, ta yi godiya, ta gyara goyonta. A bakin ƙofa ta juyo ta ce ta san ina son babanta ƙwarai. Na gane ita ma ba ta yarda ba.